Ƙanƙara Ba Ita Kaɗai Ke Fasa Tayil Ba: Martani Ga Mai Cewa Jar Ƙasar Abuja Ta Wadatar

A watan Maris da ya wuce wani abokina ya miƙo mini wata maƙala da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kan shimfiɗa tayil a tsakar gida, irin tayil ɗin nan mai tauri da 'yan kasuwar Dei-Dei ke kira fosilin. Cikin murna ya miƙo mini ita, don a ganinsa an sauke masa nauyin buhunan siminti masu yawa. Na karanta ta sau biyu. Rubutu ne mai daɗin karatu, kuma ba don na taɓa tsayawa a kan tayil yana lilo a ƙarƙashin ƙafata ba, da ni ma na tafa masa.

Bari in faɗi abin da ya ce yadda ya faɗe shi, kada a ce na yi masa ƙari. A ganin Malam, duk dogon sharaɗin da ake gindaya wa mai son sa tayil a waje, na haƙa ƙasa da zuba dutse da kankare da ragar ƙarfe da gam na musamman, ilmin Turawa ne da aka kwafo ba tare da an duba ko ya dace da mu ba. Su Turawa, in ji shi, suna wahalar nan ne saboda ƙanƙara: ruwa ya shiga ƙasa ya daskare ya kumbura, ya ɗaga tayil ya fasa. Mu kuwa ba mu da ƙanƙara. Ya ƙara da cewa jar ƙasar Abuja tauri gare ta kamar dutse, shi kuma fosilin ba ya shan ruwa, kuma ƙarfinsa ya isa ya rufe duk wata 'yar kasawa da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka a zuba jar ƙasa, a jiƙa ta, a baje kwaɓin yashi da siminti, a ɗora tayil, a huta. Masu cewa sai an yi fiye da haka, a cewarsa, suna neman ƙara wa maigida kashe kuɗi ne a zamanin da siminti ya zama gwal. Ya rufe da shaidar gidansa: a watan Nuwamba ya yi nasa, kuma har ranar da ya ɗauki alƙalami ko tsaga ɗaya babu.

Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye ta ba. Siminti ya yi tsada. Kowa yana tuna watan Fabrairun 2024, lokacin da buhu ya haura naira 10,000 har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Haka kuma gaskiya ne muna da ɗabi'ar kwafo tsarin ginin ƙasashen sanyi ido rufe. Gidajen gilashin da ke dafa mazaunansu a watan Maris sun isa shaida. Da a nan Malam ya tsaya, da babu martani.

To amma wa ya gaya masa ƙanƙara ce kaɗai abokiyar gabar tayil?

Mu ɗauki ruwan sama. Birnin Landan, wanda ake wa kirari da yayyafi, yana samun kimanin milimita 600 ne a shekara, kuma a rarrabe yake zuwa cikin wata 12. Yankin Babban Birnin Tarayya yana samun tsakanin milimita 1,100 da 1,600, kusan duka daga Afrilu zuwa Oktoba. Wato kusan ninki biyu ko fiye, a cikin wata 7. Kuma namu ba yayyafi ba ne, kamar da bakin ƙwarya yake zuba. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Tsakar gida mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50 a yammaci ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, ta karɓi lita 5,000. Jarka 200 ke nan irin mai lita 25. Ban ma haɗa da abin da kwanon rufi zai kwararo mata ba. Ina wannan ruwan zai tafi, Malam? A duk maƙalarka ban ga kalmar gangara ba, ban ga lambatu ba. Mutanen Lokogoma da na Lugbe, waɗanda suka ga abin da ruwa ya yi a rukunin gidajen Trademore a watan Yunin 2023, ba sa buƙatar a karanta musu littafin Turawa kafin su yarda cewa ruwan Abuja yana da haƙora.

Na san amsar da zai bayar, don ya riga ya bayar da ita: ai fosilin ba ya shan ruwa. Gaskiya ne, kuma a nan ne ya riƙe wuƙa ta wajen kaifi. A ƙa'idar duniya ta tayil, ba a kiran tayil fosilin sai in ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa ba. Ana gasa shi ne a wuta mai kusan digiri 1,200, har ƙofofin jikin yumɓun su toshe ya zama kamar gilashi. Mutanen wannan yanki sun san bambancin tun kafin a yi mafarkin gina birnin. Randar da mata ke ginawa a gasa da itace tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, shi ya sa ruwanta ke sanyi. Kayan da aka riƙa gasawa da babbar wuta a makarantar tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, su ba sa tsatsafowa. Yumɓu ne duka, wuta ce ta raba su. Fosilin ɗan gidan na biyun ne.

Abin da wannan ke haifarwa a tsakar gida abu biyu ne, kuma dukansu sun saɓa wa Malam. Na farko, tunda tayil ɗin ba ya shan ko ɗigo, duk jarka 200 ɗin nan a kansa za su tsaya suna neman hanya. In ba a yi musu gangara ba, za su samu hanyarsu ta tsakanin tayil da tayil, ta gefen bango, ta bakin bututu. Da zarar sun shiga kuma ba fita, don rufin da ke kansu ba ya barin rana ta busar da su. Jar ƙasar da ke ƙarƙashi ta jiƙa ta yi laushi ta zauna a haka har ƙarshen damina. Farin abin nan kamar kanwa da ke ɓullowa a layukan tayil bayan an yi ruwa, wanda matar gida ke ta gogewa yana dawowa, saƙon ruwan da ke kwance a ƙasa ne.

Na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi ne yawancin masu sa tayil ɗinmu ba su gama karɓa ba. Siminti yana kama abu ne ta hanyar shiga ƙofofin jikinsa. Bulo yana da ƙofofi, tsohon tayil na bango yana da su, har ma ya kan yi saurin zuƙe ruwan kwaɓi, shi ya sa aka saba jiƙa shi a duro kafin a sa. Fosilin ba shi da inda siminti zai shiga. Na sha ganin yaran mai tayil sun cika duro da ruwa sun jera fosilin a ciki tun safe, don haka suka ga ubangidansu yana yi. Ko shekara zai yi a duron nan, yadda ya shiga haka zai fito. A ɗora shi kan kwaɓin siminti zalla, zai zauna kamar ya kama, nauyinsa da abin da aka cike layukansa da shi ne kawai ke riƙe da shi. Ranar da aka ɗaga shi za a ga bayansa fes, kamar yanzu aka ciro shi daga kwali, siminti kuwa yana ƙasa ɗauke da hoton zanen bayansa. Wannan ne dalilin gam, wato garin nan na buhu da aka haɗa siminti da sinadarin roba mai manne wa abu mai santsi. A jikin buhun mai kyau za a ga an rubuta C2, in an samu mai ƙarin S1 ya fi dacewa da waje don yana ɗan bayar da kai idan abu ya motsa. Babu ruwan wannan da ƙanƙara. A Sakkwato ma haka fosilin yake, a Makka ma haka.

Yanzu mu zo ga jar ƙasa, wadda ita ce ginshiƙin maganar Malam.

Jar ƙasa iri biyu ce, ko da yake launinsu ɗaya. Akwai wadda Allah ya ajiye a wurinta shekaru aru-aru, marmarar da diga ke tartsatsi a kanta. Wannan kam tana da tauri; sunanta na Turanci ma daga kalmar Latin mai nufin tubali aka samo shi, tun da wani likita ɗan Sikotlan mai suna Francis Buchanan ya ga mutanen kudancin Indiya suna yanka ta suna gini, ya rubuta labarin a 1807. Akwai kuma wadda tifa ta juye a ƙofar gida jiya da yamma. Wannan an fasa ta, an wargaza ta, iska ta shiga tsakaninta. Abin da ya sa ta zama dutse a inda take ya tafi tun a bakin katafila. Ita ce kuma ke ƙarƙashin tsakar gidan yawancinmu, domin Abuja gari ne na tudu da kwari. Da wuya ka samu fili a Kubwa ko Karu ko Lugbe ko Gwarimpa da ba a yanke wani gefe an cike wani ba. Ko a filin da yake lebur, an haƙa ramin tushen gini an mayar da ƙasa, an haƙa sokawe an mayar, an ja bututun ruwa da wayar wuta an mayar. Kowane ɗaya daga waɗannan rami ne da aka rufe, kuma ramin da aka rufe ba tare da an daɓe shi ba zai ci gaba da zama, damina bayan damina.

Malam ya ce a jiƙa ta, ta zauna. Jiƙawa da tiyo tana zaunar da saman ne kawai, kamar tafin hannu ɗaya, ƙasan yana nan a sake. Shin ya taɓa tsayawa ya kalli yadda kamfanonin da suka shimfiɗa titunan birnin nan, irin su Julius Berger, suke yi da wannan jar ƙasar da yake yabo? Zubawa suke kaɗan-kaɗan, su yayyafa ruwa daidai misali, abin daɓe mai nauyin tan-tan ya bi ya dawo ya sake bi, sannan a zuba wata. Bayan haka su kawo fasasshen dutse su sake daɓewa. Su ma tsoron ƙanƙara suke yi a hanyar filin jirgi?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kiran wannan ilmin na Turawa. Malam, ba ka taɓa ganin daɓe ba? Kafin siminti ya shigo ƙasar Hausa, in za a yi wa amarya ɗaki, mata ne ke yin gayya. A baje tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, su jeru da madaɓansu suna bugu suna waƙa, har akwai waƙoƙin da ba a yin su sai a wurin daɓe. Ba a yini ɗaya ake gamawa ba. A buga, a bari ya sha iska, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, a sake bugawa, har ƙasa ta yi sulɓi tana ƙyalli. Waɗannan matan ba su karanta injiniyanci ba, amma sun san ƙasar da aka zuba ba ta zama daɓe sai ta sha duka, kuma sun san ruwa sai an yi masa shamaki. Injin daɓe da ake haya yau a yini, madaɓin kakanninmu ne aka sa wa fetur. In akwai baƙon ilmi a wannan magana, shi ne na zuba ƙasa a rufe ta da abu mai tsada ba tare da an buge ta ba. Kitso ke nan a kan ƙwarƙwata.

Na ce na taɓa tsayawa a kan tayil yana lilo. A gidan yayana ne, a Kubwa. An yi aikin da rani, daidai yadda Malam ya tsara: jar ƙasa, tiyo, kwaɓi, tayil. Ranar da aka gama har hotuna aka tura wa 'yan'uwa a Zariya. Damina ta farko ta wuce lafiya, sai ɗan ruwa da ke kwanciya a kusa da ƙofar kicin. A damina ta biyu wani layi ya bayyana, ya miƙe sambal daga bayan banɗaki zuwa sokawe, tayil bakwai ko takwas a jere duk sun tsage. Ba mu buƙaci boka ba. Hanyar bututu ce ta zana kanta a saman tayil. Da aka ɗaga, akwai wurin da hannuna ya shige tsakanin kwaɓi da ƙasa har wuyan hannu, gara kuma ta riga ta yi gida a ciki. Mai aikin da aka kira ya duba ya ce ai tayil ɗin ne ba mai kyau ba. Allah sarki tayil, shi ne kullum mai laifi, don shi ake gani.

Wannan ya kai mu ga batun ƙarfi. Fosilin yana da tauri, ƙusa ba ta karce shi, rana ba ta koɗar da shi. Amma tauri daban, jure lanƙwasa daban. Farantin tangaran in yana zaune daram a kan tebur, ɗora masa tukunya ba abin da zai same shi. Ɗora gefensa biyu a kan duwatsu biyu ka danna tsakiya ka ga abin da zai faru. Tayil ba ya ɗaukar kaya, miƙa kayan yake ga abin da ke ƙarƙashinsa, kuma duk inda ya tarar da rami a nan zai karye. Shi ya sa dabarar nan ta ɗora dunƙulen kwaɓi biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, ta fi kowace illa. Tana da sauri, tana rage siminti, tana sauƙaƙa daidaita tayil, kuma tana barin fiye da rabin bayansa a kan iska, ga ɗakunan ajiye ruwa kyauta.

Tsakar gidan Bahaushe kuma ba wurin shan shayin yamma ba ce kawai irin ta hotunan kwalin tayil. A nan ake ajiye turmi. A nan ake kayar da ragon layya a wanke wurin da bokiti goma. A nan ake ɗora tukunyar suna, a jera kujerun haya masu ƙafar ƙarfe. A nan maigida ke ajiye mota, kuma ranar da famfo ya ɗauke, tankar ruwa za ta sako ƙafafunta na baya ta get. In mai lita 10,000 ce, ruwan kaɗai tan 10 ne. A gwada daka sakwara sau uku a kan tayil mai rami a ga ko ƙarfinsa zai cece shi.

Akwai kuma wani abu da nake zaton ya shige wa Malam duhu. Fosilin da ake yi musamman don waje kaurinsa milimita 20 ne. Shi ne wanda a Ingila ake iya ɗora shi ba tare da kankare ba: dutsen da aka daɓe inci 4 zuwa 6, cikakken kwaɓi mai kaurin santimita 3 zuwa 5 ba rami ko ɗaya, sannan a shafe bayan kowane tayil da ruwan siminti mai roba kafin a kwantar da shi. Ko su ɗin ma, ka ga, ba a kan ƙasa suke ɗorawa ba. Amma abin da ya cika shagunan Dei-Dei, na waje da na gida irin wanda ake yi a Ajaokuta da jihar Ogun, yawancinsa milimita 8 zuwa 10 ne, na falo da ɗaki. Rabin kauri ba rabin ƙarfi ba ne. Wajen jure lanƙwasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Wanda zai fitar da irin wannan tsakar gida ba shi da zaɓi sai kankare.

Saura zafi, wanda Malam bai ambata ba ko sau ɗaya, ko da yake a watan Maris ya yi rubutunsa. Iskar Abuja a wannan watan tana kaiwa digiri 36 ko 37, tayil mai duhu da ke kwance a rana kuwa yana iya kusantar 60. Duk wanda ya fito alwalar azahar ba takalmi ya sani. Sai hadarin farkon damina ya taso ya sheƙa masa ruwan sanyi cikin minti biyar. Kowane abu yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, amma ba daidai wa daida ba. Kankare mai tsawon mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yana miƙewa kimanin milimita 3, fosilin kuwa kimanin 2. Ƙari a kan haka, sabon kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, makonni yana yi. Milimita ɗaya ko biyu ba komai ba ne a ido, amma ga tayil da aka matse baki da baki, aka kuma danna shi jikin bango ta kowane gefe, babu inda za su je sai sama. Shi ne za ka ji ƙara da tsakar rana kamar an harba bindiga, ka fito ka tarar tayil biyu sun miƙe sun jingina da juna kamar rufin bukka. Masu gida sukan so a haɗe tayil ba layi, wai ya fi kyau. A waje dole a bar milimita 3 zuwa 5 tsakaninsu, a bar gurbin motsi a gefen bango da kuma bayan kowace mita 3 ko kusa da haka, a cike shi da abu mai laushi irin roba. Mu da ba mu da ƙanƙara, ga abin da aka ba mu a madadinta.

To me nake cewa a yi? A kwashe baƙar ƙasar sama da saiwoyi da tarkacen gini har a kai ga ƙasa mai ƙarfi. Duk abin da za a cike, a zuba shi inci 6 inci 6, a daɓe kowane zubi da inji kafin a ƙara wani, a fi mai da hankali ga kan bututu da gefen sokawe. In ba gaggawa, a bar wurin ya sha damina ɗaya. A zuba fasasshen dutse haɗe da garinsa inci 4 zuwa 6 a daɓe. Duwatsun Mpape suna nan a bayan Maitama, ba daga Jamus za a yo odarsu ba. A shimfiɗa leda, a sa ragar ƙarfe a ɗage ta ta zauna a cikin kankaren, kada a bar ta kwance a ƙasa. A zuba kankare inci 4 inda ƙafa ce kawai za ta bi, inci 6 inda mota za ta hau, da kwaɓin buhu ɗaya ga kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Gangarar a jikin kankaren ake fitar da ita tun ran zubi, ba da gam ake cikota ba: a kowace mita 6 a sauka santimita 8 zuwa 10, daga jikin gida zuwa lambatu, kuma saman tayil ya zauna ƙasa da daɓen ɗaki da kamar inci 6. A yi ta ba kankaren ruwa mako guda. Sannan a yi haƙuri. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, ƙa'idar Ingila ma mako 6 ta ce a jira kafin a ɗora tayil. Ranar sawa, a ja gam da cokali mai haƙora a kan kankare, a shafa a bayan tayil, a danna har babu iska.

Na san abin da abokina zai ce, shi da ya miƙo mini maƙalar yana murna: nawa ke nan? Ba kaɗan ba ne. Kankaren inci 4 a murabba'in mita 100 zai ci fiye da buhu 60, ban da dutse da raga da gam da hayar inji. A nan ne nake ganin Malam ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi gurguwar shawara alhali yana nufin taimakonsa. Ya lissafa abin da za a rage yau, bai lissafa tayil ɗin da za a farfasa ba, da kuɗin lebura na kwashewa, da tifar da za ta fitar da ɓaraguzai, da neman irin launin a kasuwa bayan shekara biyu a tarar ya ƙare. Mai kuɗi in tayil ɗinsa ya fashe zai sake. Ma'aikacin da ya tara albashin shekara uku ya yi gida a Kuje ko Gwagwalada, da tsagar zai zauna. In da gaske tausayinsa ake ji, ga shawarar da ta dace da aljihunsa: ya bar fosilin ya sa intalok. Shi intalok a kan dutse da yashi ake jera shi, ruwa yana bi ta tsakaninsa, in ƙasa ta zauna a ɗaga wurin a cike a mayar da kayansa, ba a yi asarar ko ɗaya ba. Ko ya zuba kankarensa bana da gangararsa, ya yi shekara biyu yana takawa a haka, tayil ya biyo baya ran da hali ya samu; kankaren ma ya gama tsukewarsa. Ko ya sa tayil a 'yar barandar da ke ƙarƙashin rufi kawai. Duk waɗannan sun fi araha, kuma babu wanda zai kai shi ga yin aiki sau biyu.

Wani ɗan tsokaci kafin in ajiye alƙalami, tunda maƙalar ta yaba ƙyallin tayil har sau biyu. Mai ƙyallin nan na falo, in ruwa ya taɓa shi a waje, sabulu ne. Gidajenmu akwai tsofaffi masu fitowa alwalar asuba cikin duhu, akwai masu ciki, akwai yara masu gudu. Na waje ana so ya zama mai kaushi, a duba kwalin a ga R11. Karayar ƙugun tsohuwa ta fi buhu 60 tsada.

Sai shaidar gidan Malam, wadda ya rufe da ita. A Nuwamba ya yi aikin, a Maris ya yi rubutun. Wato tayil ɗinsa ya ga hunturu, ya ga ƙura, ya ga bazara, bai taɓa ganin damina ba. Ina yi masa fatan alheri da gaske. Mai yiwuwa gidansa a kan marmara yake zaune, ba cike ba bututu, irin sa'ar da ba kowa ke da ita ba, wadda kuma bai kamata a mayar da ita ƙa'ida ga masu karatu ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In Allah ya kai mu ƙarshen Satumba, bayan an kwana ana ruwa, ya fito da safe da makullin motarsa, ya durƙusa ya bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kusurwa da tsakiya. Wanda ya kama zai amsa da murya a dunƙule. Wanda ke kan iska zai amsa kamar ganga. Ya fara daga kan hanyar sokawe, ya ƙirga, ya rubuto mana adadin.